Tsawar da na koya saboda Baffa

Allah Ya ji ƙan magabata, Ya sa mu cika da kyau. Bayan yaƙin Jamus, mutanenmu da aka kwasa zuwa Kamaru suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu da kaki, wasu da tari kawai. Baffana, ƙanen mahaifina, cikin masu tarin yake. Bai taɓa riƙe bindiga ba, dako ya yi, ya ɗauki akwatunan harsashi a ka har bayansa ya ranƙwafe.

Sai ga shela daga Gumel cewa da rani kowane gida zai ba da mutum aikin hanya, amma an ɗauke wa wanda ya je yaƙi. Kafin la'asar rabin mazan ƙasar Gagarawa sun je Kamaru. Har wani makaho ya rantse shi ya riƙa nuna wa Turawa hanya. Saboda haka aka ce kowace gunduma ta aika da mutum guda a horar da shi, a jarraba shi, in ya ci a rataya masa tagulla a wuya, ya zama wakilin tsofaffin soja. Wanda wakilin ya shaida, shi kaɗai za a ɗauke wa aiki. Baffa ba shi da ɗa namiji, shi za a tafi da shi, kuma na san gadon bayan nan nasa ba zai kai damina ba. Hakimi ya zaɓe ni don ina rubuta ajami, ni kuwa na karɓa saboda Baffa.

Mai horar da mu wani tsohon saje ne, gajere, mai murya kamar ta jaki. Ya ga na zo da tawada da alƙalami.

Ya ce, "Alaramma, mayar da su gafaka. In ka tambayi mutum zai yi maka ƙarya. Tsawar fareti za ka buga ba zato. Wanda ya yi soja, kafin ya yi tunani ƙafarsa ta ƙame."

Na ce, "To 'yan dako fa, Saje? Ba a koya musu fareti ba."

"Wanda bai ƙame ba, sai hanya. Buɗe baki mu ji."

Na buɗe. Ni da na saba da karatun asuba a hankali, abin da ya fito sai ka ce sallama a gidan surukai.

Ya ce, "Wannan ko kaza ba za ta ɗaga kai ba. Daga ciki, Alaramma! Ba ka ci tuwo ba ne?"

Haka na yi ta fama a bayan gari, ina yi wa kuka da kalgo tsawa, ina istigfari tsakani, don kalmar ta Turanci ce, ban san abin da nake faɗa ba. Wata rana na tarwatsa wa wani Bafillace garke, ya biyo ni da sanda har ƙofar gari. Saje da ya ji, ya ce alhamdu lillahi, karatu ya fara kamawa.

Aka sa jarrabawata ranar kasuwar Maigatari, Bature na kallo daga kan doki. Baffa ya rako ni, wai zai sayar da igiya. Na tambaye shi a hanya ko ya iya ƙamewa, ya ce, "Ɗana, ni da ko miƙewa sosai ba na iyawa?"

Na hau turmi a tsakiyar kasuwa, na yi bisimilla, na saki tsawa. Mahauci ya yar da wuƙa ya ƙame. Wani da ake yi wa aski ya zabura da rabin kai a aske, wanzami na salati. Makahon nan, da yake ya ji labarin dabarar, ya ƙame tun kafin in buɗe baki, yana fuskantar rumfar masu daddawa.

Na duba wajen Baffa, ba ya nan. Can na hango shi ya ɗora buhun kanwar wani Badamagare a ka, yana tafiya da sauri, kai tsaye, ba ya waiwaye. Mai kanwa na binsa yana ihu, "Ɓarawo! Tsoho da kai!"

Saje ya yi dariya har ya dafa gwiwa, sannan abin ya faɗo masa a rai. Ya ce wa Bature a Kamaru in aka buga wannan tsawa, soja ya ƙame, ɗan dako kuwa ya sungumi kayan da ke kusa da shi ya kama hanya, wanda ya yi jinkiri bulala ce. Saje da kansa ya je ya sauke wa Baffa buhun, ya ba mai kanwa haƙuri.

A nan aka rataya mini tagulla, Baffa ne mutum na farko da na shaida. Muna komawa gida yana dafe da ƙugu ya ce, "Na gode, Allah Ya yi maka albarka. Amma in ka ƙara yi mini wannan ihun, sai na faɗa wa ubanka."

Ranin nan a inuwar zaure ya yi shi, yana tufkar igiya.