Ranar da Na Yi wa Tsoho Tayin Tarakta

Ni na raini autanmu. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuma ina da goyo, sai na haɗa su biyu na riƙe. Kuɗin makarantarsa daga tukunyar burkutu ya fito, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mijina soja ne, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Saboda haka yaron nan nawa ne, ina da bakin magana a kansa. Sai dai bakin nawa ya yi yawa, kuma abin da zan ba da labari ke nan.

Ya gama jami'a, ya yi shekarar hidimar ƙasa, ya dawo Zuru a ƙarshen rani. Lissafi ya karanta, amma aikin da ya iya shi ne rubuta wa kwamfuta umarni. Lokacin inji kawai muke ce mata. Ya ce injin ya cika ɗaki guda, har sanyaya masa ɗakin ake yi kamar wani babban Bature. Umarnin kuwa a kan kati ake huda shi. Ya kawo mini kati ɗaya. A shekarar nan na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a coci, ina dab da arba'in, duk takardar da na gani sai na gwada karantawa. Na juya katin gaba da baya.

Na ce, "Auta, ina rubutun?"

Ya ce, "Hudojin nan su ne rubutun, Yaya."

Na ce, "To ashe garar da ta cinye mini tabarma ta riga ka gama jami'a."

A mako guda takardu biyu suka zo masa, ta akwatin gidan waya na wani ɗan Ibo mai kanti a bakin kasuwa, don mu ba mu da akwati. Ta farko daga wani kamfanin mai a Legas. Albashi mai kauri, bashin mota, kuma za su tura shi ƙasar waje wata shida ya ƙaro sani. Amma su suna son shi kafin ruwan farko ya sauka. Ta biyu daga jami'ar da ya yi karatu, a nan Arewa. Albashin bai kai rabin na Legas ba, ba mota, sai ɗaki ɗaya da dogon hutu da damina. Mai kantin da ya ji bayanin, ya dafa kai ya ce da Hausarsa, "Madam, wannan ba shawara a ciki. Legas!" Ni ma haka na gani. Har na fara ganin kaina a gaban mota ranar Lahadi.

Abin da ya tsaya a tsakani shi ne golmo. A wurinmu saurayi ba ya sayen mata. Noma yake yi wa uban yarinya, damina bakwai, shi da ƙungiyar samarin da suka shiga tare, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Autanmu ya yi damina biyar, duk hutun makaranta, a gonar wani tsoho can wajen Ribah. Ɗiyar tsohon malamar firamare ce, suna son juna tun suna ƙanana. Saura damina biyu. In ya katse, biyar ɗin nan sun bi ruwa, yarinyar kuma ba za ta tsallake ubanta ta bi shi ba. Ta faɗa masa haka tun da wuri.

Ashe shi ya riga ya yi dabararsa. Abokan golmonsa sun yarda su rufe masa layinsa na bana, baɗi kuma ya ɗauki hutu daidai lokacin huɗa ya zo da kansa. An aika wani kawunmu ya shafa wa tsohon maganar a kaikaice. Tsohon bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya dai tambayi lafiyar shanun kawu. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san wannan yarda ce, muddin ba a fito da ita fili ba.

Auta ya ce mini, "Yaya, don Allah kada ki sa baki. Ki bar ta yadda take."

Ni kuwa ban iya zama da magana rabi-rabi ba. Na ce a raina, yaron da ke ba inji umarni, a bar aikinsa a hannun shirun wani tsoho? A ajinmu malam ya karanta mana cewa ofishin gona na ba da hayar tarakta. Na ga na fi kowa wayo. Ranar kasuwa na hau babbar mota, na sauka a hanya, na ƙarasa da ƙafa.

Na tarar da tsohon a gindin ɗorawa yana sa wa garma sabuwar ƙota, dattawa huɗu na zaune tare da shi. Da ina da hankali da na jira sun watse. Na durƙusa na gaishe su da yarenmu, gaisuwar ma ban bari ta nuna ba.

Na ce, "Baba, na zo da magana mai sauƙi. Ƙanena ya sami aiki a Legas, bana ba zai zo ba. Ni zan kawo tarakta ta huɗe gonarka kaf a yini ɗaya, bana da baɗi. Abin da samari goma za su yi kwana uku suna yi."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse.

Ya ce, "Matar soja, taraktar nan, ɗiyar wa take nema?"

Dattawan suka fashe da dariya. Ni kuma na ƙara zuba mai a wuta. Na ce ai noma noma ne, dawa ba ta tambayar wanda ya yi huɗa.

Sai ya ajiye garmar. Ya ce, "Dawa ba ta tambaya, ni ina tambaya. Kin ga na rasa abinci ne? Bayansa nake kallo. Ina so in ga in rana ta yi zafi, miƙewa yake yi ya nemi inuwa ko ƙarasa layinsa yake yi. Wanda zan ba ɗiyata ke nan. Da na yi niyyar in kau da ido bana. Yanzu kin faɗa gaban mutane, in na kau da ido gobe kowa ya kawo mini tarakta. Ki gaya masa, ranar huɗa ina son in gan shi shi da kansa. In ban gan shi ba, shi ke nan."

Ina fita yarinyar ta biyo ni har bakin hanya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, da kin tambaye ni tukuna." Wannan ta fi mini zafi a kan dariyar dattawan.

Da na gaya wa auta, sai ya ɗauko takarda da alƙalami. Na so ya zage ni, bai yi ba. Ya rubuta wa Legas yana roƙon su ɗaga masa zuwa bayan huɗa. Amsa ta zo a taƙaice: an riga an tsayar da ranar tafiya ƙasar waje, in ba zai iya ba akwai mai jira.

Kwana biyu yana yawo da takardun nan a aljihu. Ni da na ɓata abin, maimakon in yi shiru, sai na ce, "Ka tafi Legas ɗinka mana. Mata sun ƙare ne a duniya?"

Ya ce, "Yaya, ke da aka kashe miki miji, maza sun ƙare ne da kika ƙi sake aure?"

Na tashi na koma bakin tukunyata. Ba kasafai ake korata da magana ɗaya ba.

Daga baya ya zauna ya yi mini bayani a hankali. Wai a Legas umarnin injin daga ƙasar waje ake kawo shi a shirye, nasa kawai ya kula da shi ya gyara in ya tsaya. A jami'a kuwa shi zai rubuta nasa tun daga tushe, ya kuma koya wa ɗalibai. Har yau ban sani ba ko gaskiya ce tsantsa, ko don ya sauke mini nauyi ne ya faɗa. Ina zaton duka biyun. Ya rubuta wa jami'a ya karɓa. Na ce ya ba ni in rubuta adireshin a bayan ambulan da hannuna. Na yi kusan rabin awa a kan layi uku, ya zauna yana jira, bai karɓe alƙalamin ba.

Ranar huɗa na dafa burkutu tukunya biyu, na sa aka kai gonar, na bi baya. Samari sun jeru, ana kiɗa, garma na tashi tana sauka tare. Ga ɗan jami'a a cikinsu ba riga, tafin hannunsa ya fashe tun kafin hantsi, ya ɗaure da tsumma. Yana baya kaɗan, amma bai miƙe ba. Tsohon na zaune a kan kututture yana kallo. Na cika ƙwarya na durƙusa na miƙa masa. Ya sha, ya goge baki.

Ya ce, "Matar soja, ina taraktar?"

Na nuna da haɓa na ce, "Ga ta can, Baba, ta uku daga hagu."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya miƙo ƙwaryar a ƙara masa.

Bayan damina ta biyu aka ba auta matarsa. A kan babur ya kai ta gidan jami'a, akwatinta ɗaure a baya. Mota sai da furfura ta fara fito masa. Ni ban taɓa shiga gabanta ranar Lahadi ba, don lokacin gwiwoyina sun fi son kujerar baya.