Neman Furen Ɗaci Daga Stapleton Zuwa Brooklyn

Gari bai gama wayewa ba muka fito daga gidan ɗan ƙanwata a Stapleton, wata unguwa a tsibirin Staten Island cikin birnin New York. Kwanana tara ke nan da zuwa daga Jos. Abin da ya kawo ni shi ne taron cika shekara da rasuwar uwarsa, wadda ta yi suna da dafa burkutu a ƙauyenmu. A wurinmu ba a tuna mai dafa giya da giyar kanti. Ɗanta ko 'yarta ne za su dafa, kuma dattijon da ya fi kowa shekaru shi ke fara sha. In ya kurɓa ya ajiye ya kau da kai, ba mai ƙara taɓawa, labarin kuma zai riga kowa isa gida. Shi ɗan nawa direban motar asibiti ne, bai taɓa dafa burkutu ba. Abin da ya koya wurin abokan aikinsa shi ne giyar sha'ir mai launin zuma da suke kira pale ale, wadda ake sa wa wani fure mai suna hops don ɗaci da ƙamshi. Furen muka fita nema.

Jirgin ruwan da ke ƙetarawa zuwa Manhattan kyauta ne. Na hau kwalekwale a Lokoja, na hau jirgin ruwa a Dakar, ban taɓa hawa wanda ba a miƙo mini hannu ba sai wannan. Cike yake da ma'aikatan safe, kowa da kofin takarda, ba mai kallon ruwa sai baƙi irina. Daga can muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Brooklyn. A bakin tasha na ci wani zagayayyen burodi mai rami a tsakiya, tauri kamar da gayya aka yi wa masu haƙoran roba.

Shagon da ake sayar da furen ƙarami ne, yana warin dusa. Furen kuwa ba a fili yake ba. A firji yake, cikin 'yan fakiti masu ƙyalli, an niƙa shi an dunƙule kamar abincin kaji, kore shar. Fakiti ɗaya bai cika tafin hannu ba, kuɗinsa kusan dala uku. Na taɓa ganin gonarsa a kudancin Jamus lokacin da nake aikin malamin gona, yana hawa igiya kamar doya, tsawonsa ya fi gidan bene. A Habasha kuma wani ganye suke sa wa giyarsu mai suna gesho. Mu dai ba ma sa komai; burkutu tsami ne da ɗan zaƙi, ɗaci ba ya cikin lissafi.

Ɗan nawa ya zo da takardar yadda ake dafa giyar da ya kwafo, ta ce a zuba fure mai ƙarfin ɗaci tun farkon tafasa, a bar shi awa guda. Mai shagon, wata mata mai furfura, ta jera mana kala huɗu a faranti. Ni da na yi shekaru ina duba citta a Kafanchan, abu ɗaya na sani: ba a sayen kaya sai an tauna. Na ɗauki ƙwaya uku na jefa baki.

Na sha maɗaci, na ci ɗata, na haɗiyi kinin a zamanin da ba a rufe shi da sukari. Duk wasan yara ne.

"Kawu, murzawa ake yi a tafin hannu a sansana!" in ji shi, yana dariya har da dafa kantar shagon.

"Ka bari sai da na haɗiye sannan ka faɗa?"

Matar ta kawo ruwa, ta yi mana bayani. Lambar da ke jikin fakiti ita ke nuna ƙarfin ɗaci. Wanda aka zuba da wuri ɗaci yake bayarwa, wanda aka zuba dab da saukewa ƙamshi yake bari. Muka murza muka sansana. Ɗaya kamar ɓawon lemun tsami, ɗaya kamar katakon da aka fasa yanzu, ɗaya mangwaro sak, na huɗun kamar ciyawar da aka yanka da safe. Na ce masa takardar nan don harshen Amurkawa aka rubuta ta, mu kuwa dattawan Filato za mu shayar. Ya ce in ba ɗaci ba sunanta pale ale. Na ce sunan uwarsa ake dubawa ranar, ba sunan giya ba. Ya rage wanda za a zuba tun farkon tafasa zuwa rabi, ya fasa sayen mai warin katako, ya ɗauki mai mangwaro da mai lemo don ƙarshe.

Da muka dawo mun tsaya Tompkinsville sayen jar dawa, don ya haɗa da sha'ir. Mai kantin mutumin Maraɗi ne, ya dube mu ya dubi jakar shagon kayan giya da ke hannunmu.

"Tonton, kunu za a dama?" in ji shi, da kawun nasa na Faransanci.

"Kusan haka."

"To, ni dai dawa na sayar."

Dawar ta yi kwanaki tana tsiro a banɗaki. Aka dafa giyar, ta yi sati biyu a bokiti, sati biyu a kwalba. An yi taron a bayan gidan wani ɗan garinmu a Port Richmond, mutane sun zo har daga Bronx. Dattijon da aka miƙa wa kofin farko tsohon soja ne da ya sha burkutun marigayiyar tun tana amarya. Ya sansana, ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki. Ɗan nawa yana tsaye, hannu a baya.

"Wannan ba hannun uwarka ba ne," in ji tsohon. "Amma ita ma da ta fara, haƙuri muka yi da ita. A ƙaro."

Ba a bar kwalba ko ɗaya ba.

Na sauka Abuja ranar Talata, na kwana Jos, washegari na wuce ƙauye na kai wa dangi bayani. Na tarar sun ji komai ta waya, har da labarin taunata. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan bai da yawa: mai dafawa ya fara tambayar wa zai sha kafin ya tambayi takarda, mai saye kuma ya tambayi mai shago kafin ya buɗe baki.