Babur ɗin Kahu Mai Tankar Madara

Shekara goma sha tara Kahurangi Tait ta yi tana tuƙa tankar madara a gindin dutsen Taranaki, daga wannan gonar shanu zuwa waccan. Kowa Kahu yake ce mata. Gajeriya ce kakkaura, ba ta da yawan magana, amma in ta ce za ta yi abu, to a bar mata hanya. Tun tana 'yar shekara tara take kora shanun mahaifinta a kan babur cikin taɓo, sai aure da rainon yara uku suka raba ta da shi. Ranar da autarta ta tafi karatu birnin Wellington, Kahu ta dawo gida ta sha shayi, ta ji shirun ya yi mata yawa. Kafin sati ya zagayo ta sayo wani tsohon babur, shuɗin fentinsa duk ya koɗe. Ta ce tsere za ta shiga, tana da shekara arba'in da shida.

Dala dubu huɗu ta ware don gyara. Yayanta Tipene, bakaniken taraktoci, shi ya fara zuwa gani. Ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya murɗa totur, ya taɓe baki.

"Wannan ai keken ɗinki ne, Kahu. Ba ni dubu uku in buɗe injin, in sa masa salansar da za a jiwo ki tun daga garin Hāwera."

"Yaya, tsere zan yi, ba shela ba."

"To da me za ki wuce mutane? Da fara'a?"

"Da birki."

Tipene ya yi dariya har da riƙe ciki. Kahu ba ta ko kalle shi ba. Wanda ya saba gangarowa daga tudu da madara cike da tanka tana tangaɗi a bayansa ya san gudu ba shi ne aiki ba. Aikin yana wajen tsayawa da shan kwana.

Da jikinta ta fara. Hular kwano ta saya sabuwa fil, ta ce kai ba a saya masa gwanjo. Rigar fata mai haɗe da wando kuwa ta hannu ta samu wajen wani da mata ta hana shi tsere, tela ya rage mata ƙafafun wandon. Daga nan sai tayoyi masu kama kwalta, sannan ta sabunta birkin gaba kaf, har da mansa.

Sai ta kai babur ɗin wurin Lindsay Corbett, wani dattijo da ya yi tsere a ƙuruciyarsa har kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Shi ne gwanin saita shakazoba a yankin. Bai ko duba babur ɗin ba, sikeli ya jawo.

"Hau, 'yata."

"Baba, kilo saba'in ne, na sani."

"Sikeli ba ya jin kunyar kowa. Sa rigar da hular, ki hau."

Tamanin da huɗu ya nuna. Lindsay ya rubuta a bango da alli, ya ce sifirin da ke jikin shakazobar babur ɗin na wani siririn saurayi ne, dole a canza. Abin da ya rage a hannunta ta biya kuɗin shiga filin gwaji na kwana biyar. Inji kuwa baƙin mai kawai ya samu da sabon filogi.

Tserenta na farko a wani ƙaramin gari aka yi, inda ake rufe tituna a jera damman ciyawa jikin turakun fitila. Su goma sha biyar suka tashi. A miƙaƙƙen titi an wuce ta, wannan ta san da shi. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, har a kwanar ma wuce ta ake yi. Ta zo ta goma sha uku, biyun da ta riga kuma baburansu ne suka mutu.

Tana cire hula Tipene ya iso yana cin soyayyen kifi a takarda.

"Ranki ya daɗe, ina birkin ya shiga?"

Lindsay ne ya amsa, don ya wuni tsaye a wata kwana da ke gaban kantin mai nama yana kallo.

"Birkinta lafiya lau. Kanta ne har yanzu yake cikin tanka. 'Yata, tun daga akwatin gidan waya na bakin titi kike kama birki, sauran kuwa sai sun kai ƙofar mai nama. Babu madara a bayanki. Wa kike tsoron ya zube?"

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ba ta yi musu ba. Duk ranar gwaji sai Lindsay ya ajiye mata jan bokiti a gefen titi, ya ce kada ta taɓa birki sai ta zo daidai da shi. In ta saba, ya matsar da shi taku biyu gaba. Sau ɗaya ta zarce cikin ciyawa, ta tashi ta kakkaɓe rigarta, ta ce a bar bokitin inda yake.

Da shekara ta zagayo suka koma garin nan. Samari masu ƙarar inji suka wuce ta a miƙaƙƙen titi kamar yadda suka saba. Tana isa akwatin gidan waya yatsunta suka yi ƙaiƙayi, ta hana su. Sai da ta ga ƙofar mai nama sannan ta damƙe birki, babur ya durƙusa da gaba bai ko girgiza ba, ta kwantar da shi ta shige ta cikin wani. A wannan kwanar kaɗai ta ci mutum huɗu kafin a ɗaga tutar ƙarshen tsere. Ta zo ta shida. Tipene ya hau kan damin ciyawa yana ihu, "Ƙanwata ce! Ni na koya mata!" har sai da masu tsaro suka sauko da shi.

Yanzu shekararta hamsin da ɗaya. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Ta uku ta taɓa yi, ranar da aka kwana ana ruwa, kofin yana gareji ta cika shi da notuna. Ta karya wuyan hannu sau ɗaya, ta yi sati shida tana amsa waya a ofis tana ƙunƙuni. Mata biyu daga wurin aikinsu sun sayi babura, ranar Lahadi su uku suke fita gwaji, ita ce a gaba.