Ɓarawon Katina Ya Manta da Adireshi

'Yan uwa, ku zo ku ji! Yau ɓarawo ya aiko mani da kaya har Kankiya!

Kwanaki na sayi injin markaɗe a intanet, na sa lambar katin bankina. Shekaranjiya ina gidan biki a Kusada sai alat ke ta shigowa, ana kwasar kuɗi! Kuɗin taki ne fa, maigidana Baban Ummi ya ba ni ajiya. Na ruga banki aka toshe katin.

Yau da hantsi wani direba ya kira ni: "Hajiya, zo tasha, kina da saƙo."

Na je na buɗe kwali. Takalman maza, agogo da turare! Ashe shashashan ya yi oda da katina, ya manta bai canza adireshina ba!

Ina isa gida sai ga kira, murya a sanyaye: "Hajiya, kuskure aka yi, kayana ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa! Zo ofishin 'yan sanda ka amsa."

Ƙit, ya kashe!

Baban Ummi ya zura ƙafa cikin takalmin, ya ƙi shiga. Ya ce, "Marar kunya, ko lambar ƙafata bai tambaya ba!"