Tambayar da Likita Ta Hana Mu Amsawa

Jikana, ɗan 'yata ta biyu, yana aji biyar na firamare lokacin da abin ya fara. A gidana na unguwar Kpakungu a Minna suke zaune, shi da uwarsa da ubansa, sauran ɗakunan kuma 'yan haya ne. Uban mai walda ne a Sauka Kahuta, mutumin Zungeru, ba ya da yawan magana. Yaron kuwa bakinsa ba ya hutawa, kuma ni ne abin tsokanarsa. In ya gan ni da sabuwar hula sai ya ce, "Tsoho, wa za ka burge? Ai matar nan tawa ce yanzu," yana nufin kakarsa. Ni kuma in ce ya fara iya ɗaure tazugen wandonsa tukuna.

Abin da muka fara lura da shi daɗewa ce wajen alwala. Sauran yara su watsa ruwa a fuska su ruga sahu, shi yana tsugune yana bin kowane yatsa. Dattawan masallacinmu suka yi ta yaba shi. "Alhaji, ka samu magaji," in ji su. Har nuna shi suke yi wa 'ya'yansu, suna cewa su dubi yadda ake alwala. Ni ma na ji daɗi.

Daga baya buta ɗaya ta daina isarsa. Ya ƙarar, ya cika, ya sake farawa daga wanke hannu. Liman ya tayar da salla, ya sallame, jama'a su watse, shi yana nan bai kai ga ƙafa ba. Tsakanin yatsunsa ya yi fari, ya tsattsage, har yana jini. Da safe ba ya gamawa da wuri, ya riƙa makara a makaranta ana dukansa, a ƙarshe ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ya kuma daina ce mini Tsoho. Sai dai ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Kaka, ka ga na wanke gwiwar hannun?"

"Na gani."

"Ka tabbata? Ba ka ɗauke ido ba?"

"Ban ɗauke ba."

Ya yi ajiyar zuciya. Kafin in juya, tambayar ta dawo.

Aikina na ƙuruciya gyaran injin ruwa ne, kuma ya kai ni wurare. A Omdurman ta Sudan na san wani mutum da yake ta maimaita kabbarar farko, ba ya iya shiga salla. Mutanen can suna bar masa gefen sahu, suna kiran abin waswasi, ba mai yi masa dariya. A Kumasi akwai wata mai shago da take komawa ta taɓa kwaɗon ƙofarta har sai mota ta tafi ta bar ta, aka ce abokan kasuwa ne suka yi mata asiri. A Garwa ta Kamaru wani ma'aikacin jinya ya taɓa gaya mini da Faransanci cewa ciwo ne, kuma yana da magani. Kowane gari da yadda yake fassara abin. Amma duk manya na gani. Ban taɓa zaton yana kama yaro ba.

Limaminmu mutum ne mai haƙuri. Ya yi masa tofi, ya ba shi rubutu ya sha. Da abin ya ƙi, ya zaunar da shi ya ce, "Ɗana, malamai sun yi bayani. Wanda kokwanto ya yi wa yawa, an ce ya yi watsi da shi, alwalarsa ta yi." Yaron ya ce, "Malam, to in ni ba mai yawan kokwanto ba ne fa? In da gaske ban wanke ba?" Liman ya dube ni. Bayan yaron ya fita ya ce mu ci gaba da addu'a, amma mu kai shi asibiti.

Likitan da muka gani a nan Minna ya ce ya san ciwon, sai dai ba ya fara wa yaro irin wannan magani da kansa. Ya tura mu wurin wata ƙwararriyar likitar ƙwaƙwalwar yara a Abuja. Da uban ya ji kalmar ƙwaƙwalwa sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, ɗana ba mahaukaci ba ne." Na ce ni ma ban ce ba. Da ƙyar ya yarda mu je, ni da uwar, shi bai bi mu ba.

Likitar Banufiya ce, Hausarta tsaf. Ta sa muka fita, ta daɗe da yaron su kaɗai. Da ta kira mu, da izininsa ta gaya mana abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. A ransa, in alwalarsa ba ta yi ba sallarsa ta ɓaci, in ta ɓaci uwarsa za ta mutu. Ya san babu ma'ana, amma tunanin ba ya barinsa. 'Yata ta rufe fuska da mayafi.

Likitar ta ce ba hauka ba ne, ba kuma yawan ibada ba. Wurin da yake gaya wa mutum cewa ya gama, ya isa haka, shi ne ba ya aiki daidai. Na gane da wuri, don na sha gyara injin da tanki ya cika amma ya ƙi tsayawa, ruwa na ta zuba. Ta rubuta ƙwaya ƙarama, guda kowace safiya bayan ya ci abinci. Ta ce za a fara da kaɗan, kuma sai an yi makonni kafin a ga canji. Kada a tsayar da maganin kwatsam ko da yaron ya ji sauƙi. Mu lura da barcinsa da cin abincinsa, in kuma ya yi wata magana ta cutar da kansa mu kira ta nan take. Ta haɗa shi da wani abokin aikinta da zai riƙa koya masa yin alwala sau ɗaya ya tashi, ya zauna da fargabar har ta sauka da kanta.

Sannan ta juyo gare ni. "Baba, ku ma akwai naku aikin. In ya tambaye ku ko ya wanke, kada ku amsa. Kowace amsa tana kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, amma ciwon take ciyarwa. Ku ce masa wannan tambayar ciwon ce, kuma kuna tare da shi."

Na ce to. A ofishinta abin ya yi kama da mai sauƙi.

Ranar da na fara, azahar ce. Ya tambaya, na faɗi abin da aka koya mini. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya sake tambaya. Ya kama hannun rigata da jiƙaƙƙen hannunsa. "Kaka, kalma ɗaya ce fa. Don Allah. Ka ce e kawai." Na zauna kusa da shi a bakin rariya ban ce ba. Ya yi kukan da ya fito da duk gidan waje.

Akwai wata Bagwariya a ɗakin ƙarshe, Kirista, mai sayar da doya, wadda ta goya shi yana jariri. Ba ta san farillan alwala ba, ba ta san sunnoninta ba. Ta zo ta dafa kansa ta ce, "Ka wanke, yarona, ni na gani, ya yi kyau." Nan take ya yi shiru. Da yamma na je na yi mata bayani da Gwaranci don ta ji da kyau. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baba, in ga yaro na kuka in rufe baki? Ni dai ba zan iya ba."

Na bi ɗaki ɗaki ina roƙo. Wasu suka yarda, wasu suka yarda a gabana kawai. Masallaci ya fi wuya. Wani abokina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da muka taso tare, ya tare ni a ƙofa. "Alhaji, yaro ya tambaye ni abin da ya shafi sallarsa, na sani, in ɓoye masa? Ka san hukuncin mai ɓoye ilimi. Likitar ce za ta tsaya mini gobe kiyama?" Na ce masa wannan ba neman ilimi ba ne, yaron ya fi mu sanin alwala. Ya ce shi dai ba zai ɗauki alhaki ba. Na ga gidaje a wasu ƙasashe inda uwa da uba da ɗa suke rufe ƙofa, ba mai jin abin da suke ciki. A irin wannan gida shawarar likitar za ta iya tafiya daidai. A namu, in baki ɗaya ya yi shiru, akwai wasu da yawa, kuma duk da ƙauna suke amsawa.

Maganin ma bai taimaka mini da wuri ba. Farkonsa tashin zuciya ya kawo, yaron ya rage cin abinci, alwalar kuma tana nan yadda take. Uban ya ce, "Baba, maganin zazzaɓi kafin ka gama katin ka miƙe. Wannan wane iri ne?" Na ce a ƙara haƙuri. Muka koma Abuja, likitar ta ƙara masa kaɗan. A hankali abu ya fara motsi. Wata rana ya samu raka'ar ƙarshe a jam'i. Yatsunsa suka fara warkewa. Ya koma makaranta, ko da yake ba kullum ba. Tambayar ba ta tafi ba, amma wani lokaci yakan yi ta, ya ji na ƙi, ya ciji leɓe ya tashi.

Sai rani ya yi tsanani. Famfon unguwarmu ya ƙafe, masu tura ruwa a kura suka yi wuyar gani, kowa ya koma kulle duronsa. Wata safiya abin ya motsa wa yaron, namu ruwan ya ƙare, ya buɗe duron wata matar ɗan haya ya kusa ƙarar da shi. Matar ta dawo ta tarar. Ta tsaya tsakar gida ta faɗi duk abin da ke bakinta, har da cewa masu yaro mai taɓin hankali su nemi inda za su ajiye shi. Uban yana ɗaki yana ji.

Washegari ya zo ya durƙusa a gabana. Ya ce ya yi tunani. Duk fitinar nan ta ruwa ce. A Zungeru gidan iyayensa yana kusa da kogi, ba mai ƙirga wa yaro buta, ba mai zaginsa. Zai kai shi can ya huta. Na ce masa ba ruwa ne ya yi wa yaron kaɗan ba, kuma ranar komawa wurin likita ta kusa. Ya ce, "Ai ya ji sauƙi, Baba. Ku da kanku kuka faɗa." Na yi magana iya yadda kakan wajen uwa zai iya. A wurinmu ɗa na ubansa ne, nawa roƙo ne kawai. 'Yata ta ƙulle maganin a leda ta sa a jakarsa, ta yi ta nanata yadda ake sha.

Da damina ta zauna na shiga mota na tafi Zungeru. Kakansa na wajen uba ya karɓe ni da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Da na tambayi yaron aka ce yana bakin ruwa, wani ya raka ni.

Na same shi tsugune a kan wani dutse, ba buta, da hannu yake ɗiba. Ya rame. Fatar ƙafafunsa ta yi fari ta kumbura, akwai gyambo a idon sawunsa. Kakarsa ta wajen uba tana zaune a inuwa da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Ya ɗago ya tambaye ta, ta ce, "E, maigida, ka wanke," ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sake ɗiban ruwa. Da ya gan ni bai tashi ba. Na yi masa sallama, ya amsa a gajarce. Sannan ya ce, "Kaka, kai ba ka amsawa. Ka koma gida."

Tsohuwar ce ta kawo mini ledar maganin, kusan yadda aka ƙulle ta. Ta ce sun ba shi da farko, amma yaro ba ya zazzaɓi, ba ya tari, a kan me za a yi ta ɗura masa ƙwaya? Ta ce ya yi 'yan kwanaki yana jiri da rashin barci bayan sun daina, suka ba shi jiƙo, ya wuce.

Na zauna da kakan na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara, ba gardama. Da na gama ya ce, "Alhaji, na ji. Amma tun da ya zo nan bai yi kuka ba ko sau ɗaya. A can an ce kullum sai ya yi." Gaskiya ya faɗa. Na roƙi a ba ni shi in kai shi Abuja in dawo da shi. Ya ce ba shi ya kawo shi ba, sai abin da ubansa ya ce.

A hanya na kira likitar. Ta ce kada mu mayar da shi kan maganin da kanmu, tunda ya daɗe da dainawa. Sai ta gan shi, a sake farawa daga ƙasa. Ta ce yara da yawa suna samun sauƙi sosai in an dage, kuma duk ranar da muka kawo shi za ta gan shi.

Na gaya wa uban. Ya ce a bari a gama girbi, za a samu mai kawo shi. An yi girbin, an kai doya kasuwa, 'yan ajin yaron sun wuce aji na gaba. Kowace yamma in uban ya dawo daga rumfar walda yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. In ce masa, "Yaushe?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."