Sadi Mai Jita Ya Ƙi Wasa Kowa

An ce ranar da Sadi na Maradun ya saki faifansa, shanun garin Faru kaf suka daina ba da nono saboda kururuwar jitarsa. Ƙarya ce! Biyu ne kacal, su ma tsofaffi.

A gidan makaɗa aka haife shi, inda ake iya kirarin manya kafin tatata. Ya je birni, ya dawo da jita mai lantarki da wani kiɗa wai rok, kamar maƙera na dambe. Waƙa tara ya yi, duk a kan kansa: wane ne shi, ina ya dosa. Ko hakimi bai ambata ba.

Mahaifinsa ya rantse in bai sa sunan mutum ko ɗaya ba, ƙanen Sadi zai ba gangar gado. Abin ya ci Sadi, har tuwo ya fita ransa, amma ya kafe.

Ni taubashinsa na tare shi a kasuwa. "Bawana, sa nawa mana ka ceci gangarka!"

Ya ce, "Sallau, ko kakana sai mutum ya yi abin kirki yake wasa shi. Kai mi ka taɓa yi, ban da cinye tuwon gidanmu?"