Tsarabar Inna Daga Tsibiri

Tun ina saurayi nake sayar da atamfa a Kantin Kwari, saboda haka ko farashin me ka faɗa mini, sai kaina ya juya shi zuwa turmi. Kuɗin makarantar yara turmi kaza ne, buhun shinkafa turmi kaza, gyaran mota kuwa wani lokaci sai ya lashe rabin dila ina ji ina gani. Mai ɗakina ta ce ranar da ta haifi 'yar farinmu ta ga bakina yana motsi a asibiti, ta ɗauka addu'a nake yi. Addu'ar nake yi, amma ba zan rantse babu lissafi a ciki ba.

'Yar farin nan ce ta jawo mini. Tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare ta kawo mini waya, ta nuna mini hotunan tsibirin Zanzibar, farin yashi da ruwa shuɗi har iyakar ganin ido. Na ci tuwo na ƙoshi a lokacin, sai bakina ya riga kaina. Na ce, "In kika gama makaranta lafiya, can za mu je hutu gaba ɗayanmu, har da Inna." Inna mahaifiyata ce, tana zaune tare da mu a Fagge. Ta ɗago kai daga kan carbinta ta ce, "Allah ya nuna mana." A gidanmu kuwa in Inna ta sa wa magana albarka, ta zauna ke nan, ba mai tayar da ita.

Da na ga abin ya zama gaske, sai na tafi wajen wani abokina Ibo mai sayar da tikitin jirgi, in ka wuce Bata ka shiga Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan kasuwarmu fita. Da na gaya masa mu shida ne, sai ya jawo mini kujera.

"Alhaji, zauna tukuna a kawo maka ruwa. Abin da zan faɗa maka ba a jin sa a tsaye."

Ya faɗa, na juya shi zuwa dila, na nemi ƙarin ruwa. Ya yi ta dariya har da buga tebur. Amma mutumin kirki ne, ya ba ni shawara ta gaskiya. Ya ce in yanki tikiti da wuri. In manta da otal, in kama hayar ƙaramin gida mai ɗakin girki. Dala kuma in riƙa sayenta kaɗan-kaɗan wajen 'yan canji a Wapa, kada in jira ranar tafiya ta yi mini tsalle.

Haka aka yi. Na shiga adashi da abokan layinmu a kasuwa, na roƙi a ba ni kwasar ƙarshe don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. A gida kuwa na zama abin tsoro. Na soke tsiren ranar Juma'a. Na riƙa bin ɗakuna ina kashe fanka. Autanmu ya tambaye ni kuɗin alewa, na tambaye shi alewa yake so ko teku, yaro ya tsaya yana tunani kamar alƙali, daga baya ya ce duka biyun. Mai ɗakina ta tanadi garin tuwo da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ta ce ba za ta je ƙasar mutane ta sayi miya da dala ba. Na yaba mata. Sai ta ce to a yi mana anko na shiga jirgi. Na ce ba shi a lissafi. Ta ce matar mai atamfa ba za ta sauka a wata ƙasa da tsohon zane ba, ko don mutuncin shagona. Na ga ta kama ni, na kawo wani turmi da ya daɗe a shago ya ƙi fita.

Ana saura 'yan watanni, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tara su a tsakar gida ina jin kaina. Na bayyana musu komai dalla-dalla, kuɗin jirgi, hayar gida, cefane, motar da za ta ɗauke mu, har da yawo guda a cikin jirgin ruwa, wanda 'yata ta fi ɗoki a kai. Babu ko sisi da ya yi saura, babu kuma abin da ya rage ban sa ba. Na jingina ina jiran yabo.

Inna ta ce, "Ina kuɗin tsaraba?"

Na ce, "Tsarabar me, Inna? Hutu za mu je, ba aikin Hajji ba."

Ba ta kula ni ba, ta fara lanƙwasa yatsu. Gidan liman, gidan mai unguwa, ƙannenta na Kwaciri, surukanmu, matar da ke yi mata kitso, Iya ta gidan da ke kallon namu. Yatsun hannu suka ƙare, ta koma farko. Ni kuwa kowane yatsa ta lanƙwasa sai in ji turmi ya fice daga shago. Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci dabara takan zo mini da sauri, ba kullum mai kyau ba.

"Inna, abu mai sauƙi. Abin da alhazai da yawa suke yi za mu yi. In mun dawo sai in shiga kasuwa in haɗo miki tsaraba a nan, ga arha, ga babu kuɗin awon kaya. Wa zai sani?"

Mai ɗakina ta kwashe da dariya. "Wa zai sani? A layin nan? Rabin matan unguwar nan mazansu a Kwari suke. Kafin ka buɗe leda sun gaya maka shagon da ka saya da nawa aka rage maka."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To ku cire kujerata, ku sayo wa mutane tsaraba da kuɗin. Ni na yafe. Ba zan sake dawowa unguwar nan hannu sake ba." Ta tashi ta shige ɗaki.

Kalmar "sake dawowa" ce ta tsaya mini a wuya. Mai ɗakina ta jira yara suka watse, sannan ta tuna mini abin da na manta. Shekarun baya da na biya wa Inna kujerar Makka, ta ƙuntata wa kanta a can, ta ƙi taɓa guzurinta, ta sayi carbi da huluna da kwalli da zobba da dabino, kowane da sunan mai shi a ranta. Ta dawo lafiya, babbar jakar ba ta dawo ba. Aka yi ta cigiya har aka gaji. Mutane suka cika gida suna yi mata barka da sauka, ita kuwa ba abin da za ta miƙa sai ɗan dabinon da ke jakar hannunta, shi ma bai kai ko'ina ba. Babu wanda ya ce mata uffan. Iya ma, Bayarabiyar maƙwabciyarmu mai sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari, wadda duk zuwan da za ta yi garinsu sai ta kawo wa Inna goro da manja, cewa ta yi dawowarta lafiya ita ce tsaraba. Ni na ɗauka magana ta wuce tun a lokacin. Ashe Inna tana nan da ita a zuci.

Na ji kunya, na kuma ji tausayinta ƙwarai. Amma tausayi bai ƙara mini ko dala guda ba. Na juya lissafin nan ta kowace fuska, abu ɗaya ne kawai za a iya taɓawa, wato yawon jirgin ruwa. Na kira 'yata ina ta kame-kame. Idonta ya cicciko, sannan ta ce, "Abba, a ba Inna. Ai tekun ba zai gudu ba, zan gan shi daga bakin gaɓa." Na miƙa wa Inna kuɗin, ta ƙulle su a haɓar zane, ba ta yarda ta sa a jaka ba. Ta daina yarda da jaka tun daga waccan shekarar.

Muka tafi a babban hutun makaranta, mu shida cikin ankon da ya ƙi sayuwa. Ba zan ɓoye ba, wurin nan ya yi kyau, har na yi kusan yini guda ban lissafa komai ba. Yara suka shiga ruwa da ihu. Inna ta tattare zane ta tsoma ƙafa, igiyar ruwa ta taso, ta ja da baya tana salati, sannan ta koma da kanta. Mai ɗakina ta kaɗa miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika unguwar, har matar mai gidan da muka kama ta leƙo ta ga abin da ya faru. Aka zuba mata, ta ci, ta dawo washegari da kwanonta.

Ranar kasuwa ce ta kusa ɓata mana tafiya. Inna ta ga wasu zannuwa masu rubutu a gefe, ta ce su za ta saya. Na kama ɗaya na murza, na duba bakinsa, na ji farashi. Irin yadin da nake gani kullum ne, zanen ne kawai daban, kuɗinsa kuma ya ninka namu. Abin da ke haɓar zanen Inna ba zai wuce na gida huɗu ko biyar ba. Muka duba carbi, muka duba turare, duk labarin ɗaya ne. Muka dawo masauki ba ta sayi ko tsinke ba, ta ce kanta ke ciwo, ta kwanta. Na san ba kai ba ne.

Tunda babu jirgin ruwa, mai gidan ya ce akwai yawo mai arha, a kai mu wata gona ta kayan ƙamshi. Na lallaɓa Inna ta biyo mu. Muna shiga ta tsaya cak, ta shaƙi iska. A gabanmu an shimfiɗa tabarmi an baza wani abu yana shan rana, wani kore, wani ja, wani ya yi baƙi.

"Kai, wannan ba kanumfari ba ne?"

Mai gonar ya nuna mata doguwar bishiya, ya tsinko mata ɗanye daga reshe. Inna ta riƙe shi a tafin hannu tana juyawa. Ta ce tun tana yarinya take daka shi a fura da kunu, take jefa shi a shayi da zoɓo, ba ta taɓa tunanin yana da uwa ba. Ta ɗauka a buhu Allah ya halicce shi. Ta sa ɗaya a baki, hawaye ya zubo mata, ta ce yajinsa ne. Wataƙila yajin ne.

Daga nan ba ta bi ta kanmu ba. Ta zauna a gefen tabarma da matar mai gonar, babu mai jin yaren wata, suka yi ciniki da yatsu da girgiza kai da tashi kamar za a tafi. Ni da na yi shekaru ina ciniki a Kwari na tsaya ina kallo da sha'awa. Ta kwance haɓar zane ta juye duka, aka auna mata busasshe, har da gyara mai kauri. A jirgi ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. A cinyarta ya zo Kano, duk wanda ya zauna kusa da mu ya sauka yana ƙamshi.

Washegarin dawowarmu ta aike ni shago in kwaso mata ƙyallaye. Ita da 'yata suka zauna suna ƙullawa, kowane ƙulli Inna ta ambaci gidan da za shi. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata. Wata ta ɗaga nata ta ce ta san wannan ƙyallen, na shagon Alhaji ne. Inna ta ce, "Ƙyallen na Kwari ne. Kwance ki ji na ciki."

Iya ce ta zo a ƙarshe, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Inna ta tashi da kanta ta ɗauko ƙullin da ta ware, wanda ya fi kowanne girma, ta sa mata a hannu da hannu biyu. Iya ta kwance, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Hajiya, wannan bai taɓa kwana a kasuwa ba."

"Daga gindin bishiyarsa na ɗebo miki."

Iya ta riƙe hannunta ta ce, "To, barka da sauka, Hajiya."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ga Inna ta goge ido da gefen mayafi, wannan karon babu kanumfari a bakinta.

Ta ce, "Yawwa, Iya. Sai yau na sauka."